Yatsu Huɗu a Zaren Jumma

Shekarar da gero ya ƙone tun yana iya gwiwa, mazan Maijirgi suka watse neman abin kai wa baki. Istifanus yana cikin na ƙarshen tafiya, don ya yi ta jan ƙafa saboda 'yarsa Jumma. Sojojin Najeriya sun rufe iyaka, namu sojojin na wannan ƙasa kuma ba a yi musu tambaya, sai ya bi ta daji zuwa Katsina, inda ya samu aikin buga tubali. Ranar da zai tafi ya tsaya bakin danga ya ce wa matarsa Altine, "In kin ga yarinyag ga ba ta yi ba, ki aiko min. Ko laka na hannuna ina aje ta in taho."

Altine ta ce to, kanta a ƙasa. Ita dai duk maganar da ta shafi yarinyar nan da "to" take amsawa. Jumma 'yar fari ce, kuma shiga addinin Kirista bai cire wa kowa kunyar ɗan fari ba. Altine ba ta kama sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane. Sai in sun keɓe a ɗaki take ɗora ta a cinya, ta zagaye damtsenta da yatsu biyu, ta ga har yanzu da sauran wuri.

Jumma ta shekara biyu da rabi ba ta tafiya. Takan kama turmi ta miƙe, ƙafafun su yi rawa, ta koma ta zauna tana dariya. Dariyar nan ita ta fi cin ran uwar. Abincinsu anza ce, 'ya'yan wani icen daji, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, sai kuma 'yar jar dawar taimako in an samu. Kowace Lahadi, a 'yar majami'arsu ta zana, mai wa'azi yakan ce 'ya'ya amanar Ubangiji ce. Altine takan ji kamar da ita yake. Ta yi addu'a har ba ta san sabuwar kalmar da za ta ƙara ba, kuma tana kewar mijinta, kewa mai tsanani, don shi ne mai ɗaga yarinyar sama ya kira sunanta da ƙarfi ba ruwansa da kowa.

Ana saura wata uku Kirsimeti, sai ga Baba Manzo, wani dattijo mai fataucin kanwa da jakuna, wanda ya san duk hanyar da soja bai sani ba. Ya kawo mata tiya biyu ta gero daga Istifanus, da saƙo: a aiko da awon yarinya, zai sa tela ya ɗinka mata rigar biki.

Yadda ake yi ba wuya. Ana ɗaukar zare, a kama daga kafaɗa zuwa idon sawu, a ƙulla. Altine ta kwantar da Jumma ta auna. Ta ɗaga zaren ta dube shi. Wannan ɗan abu za ta aika wa mutumin da ke kwasar laka cikin rana? Ta hango shi yana warwarewa, yana gwadawa da tsawon da ya bari, yana ajiye aiki ya dawo gidan da babu ko ƙwaya. Sai ta matsa yatsu huɗu gaba, ta ƙulla a can. Ta ce wa ranta ai kafin biki yarinya ta cike wurin.

Inna Hindu, tsohuwar Musulma da danga ɗaya ta raba su, ta leƙo ta ga zaren. Ta dubi Jumma, ta dubi ƙullin.

"Altine, wannan awon ɗiyar wa na?"

"Yara na girma, Inna."

"Suna yi," in ji tsohuwa. Ta koma gida ta aiko da ɗan nonon akuyarta a ludayi.

Daga ranar Altine ta shiga tseren da ba wanda ya san da shi. Ta yi wa bangon ɗaki zane a inda ƙullin ya kamata ya kai. Ta rage nata cin ta ƙara wa yarinya. Sau biyu ta goya ta har Tasawa wurin likita, aka ɗora ta a ma'auni, aka rubuta a kati, aka ce a ba ta ƙwai da wake. Altine ta yi godiya, don ba a yi wa likita dariya.

Ana gobe Kirsimeti Baba Manzo ya dawo. Tun daga nesa ta ƙirga masu tafiya bayan jakunan, ta ga shi kaɗai ne. Ya miƙa mata ƙunshi. Riga ce shuɗiya mai fararen furanni, da aljihu ɗaya a gaba. Da ta sa wa Jumma, hannuwan suka ɓace ciki, bakin rigar ya kwanta a ƙasa.

"Mijinki ya yi murna ƙwarai," in ji Baba Manzo, yana kallon wani gefe. "Da niyyatai ya biyo ni, har ya ɗaure kaya. Da ya ga zaren, sai ya tahi da shi majami'arsu ta can, ya ɗaga shi gaban jama'a, ya ce ku duba abin da Ubangiji ya yi min cikin yunwa. Ya ce tunda ɗiya na girma haka, bari ya daure har ruwa ya sauka, ya taho da iri."

Altine ta zauna a kan turmi. Har ruwa ya sauka, wata shida ke nan, in ma ya sauka. Da hannunta ta ƙara wa tafiyarsa tsawo, kuma ta sa shi ya gode wa Allah a kan abin da ba a yi ba. Wannan na biyun ya fi yi mata nauyi. Ta yi kuka a gaban dattijon, abin da ba ta taɓa yi ba, Jumma kuwa tana ta cusa hannu a aljihu tana neman abin da ke ciki.

Washegari Altine ta kai yarinyar majami'a cikin rigar, ta naɗe bakin ta ɗaure da kaba. Da aka tashi, ta zare zare daga gefen zanenta, ta kwantar da yarinyar a tabarma, ta kama daga kafaɗa zuwa idon sawu. Ta ƙulla daidai inda ƙafar ta tsaya.

Ta iske Baba Manzo a bakin rijiya yana shayar da jakuna.

"Baba, ka kai mai wanga. Ka ce ya gwada shi da wancan."

Dattijo ya naɗe zaren a yatsa ya sa cikin hularsa. "Shi ke nan saƙon, ɗiyata?"

Akwai mata a bakin rijiyar, har da Inna Hindu da tulunta. Altine ta gyara goyonta, ta ɗaga kai.

"Ka ce mai Jumma ba ta tahiya har yau," in ji ta. "Ka ce Jumma na son ubanta, ni ma ina son ya dawo."

Matan suka juyo suna kallonta, don ba wadda ta taɓa jin sunan a bakinta. Yarinyar da ke bayanta ta ji an kira ta, ta leƙo ta kafaɗar uwar tana neman mai kiran.