Gahawar da Umm Ziyad Ta Ajiye

Umm Ziyad ta gangara ƙasan bene da safe, hannu ɗaya a bango ɗaya a gwiwa, ta zura sanda cikin tankin dizal. Da ta zaro, jiƙon bai kai tsawon yatsa ba. Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar Ajlun, motar mai kuwa ko a ranar lafiya da nishi take hawo tudunsu. Tukunyar da ke dafa ruwan ɗumama gidan ba ruwanta, gurnaninta take tana shan mai.

Duk abin da ake yi ta yi. Ta bi ƙarafan shofaj, waɗanda ruwan zafi ke bi ya ɗumama gida, ɗaki-ɗaki da ɗan mabuɗi ta fitar musu da iska, har baƙin ruwa ya tsarto mata a hannun riga. Ta cusa tsofaffin safa a ƙasan ƙofofi, ta liƙe tagogi da leda. Amma ɗakin kwana shi ne ƙarshen bututu, kafin ruwan ya iso ya huce. Zafin duk yana ƙarewa a ɗakin baƙi, ƙaton ɗaki mai tagogi kamar na masallaci.

Mijinta Abu Ziyad ya daɗe yana mai unguwa. A ɗakin nan aka raba rigimar gonakin zaitun, aka nemi aure. Manyan mutane sun ajiye finjalin gahawa a gabansa sun ƙi sha sai an biya musu buƙata, shi kuma bai taɓa barin gahawar baƙo ta huce ba. Yanzu rabin mutanen nan suna maƙabarta, sauran suna Amman wurin 'ya'ya. Duk da haka kullum sai ya dafa gahawa, ya yafa jan mayafinsa a ka, ya zauna yana fuskantar ƙofa. In ya gaji ya dawo ɗaki mai sanyi ya kwanta yana tari. Likita kuwa ya faɗa ba wasa, in sanyi ya sake sauka a ƙirjin nan, sai asibiti. To ta wace hanya?

"Abu Ziyad, man nan ba zai ɗauki gidan duka ba. A rufe na ɗakin baƙi."

"A rufe? Baƙo ya shigo gidana ya zauna yana karkarwa?"

"Wane baƙo, bawan Allah? Ko kyanwar maƙwabta ta daina zuwa."

"Ke dai bakinki ba ya daskarewa."

"To a kawo gado ɗakin baƙin."

"Gado! A inda ake zaman maza? Sai dai bayan raina."

Abin da take tsoro ke nan, shi kuma ya faɗe shi kamar zancen cefane. Ta gaji, gajiyar da barci ba ya saukewa. Yana alwala ta lallaɓa ta murɗe famfon ƙarafan ɗakin baƙi ta rufe.

Kafin azahar ɗakin kwana ya yi ɗumi har ta cire safa ɗaya. Ta je kiransa. Ta same shi zaune a wurinsa cikin babbar rigar sanyi, numfashinsa yana fita fari, yana tari cikin mayafi don kada ta ji. Ya taɓa ƙarfen, ya san abin da ta yi. Tashi ne dai ba zai yi ba, ta san mutumin da ta aura.

Ta buɗe famfon. Ta bi sauran ɗakunan ta rufe nasu, har da na kicin. Sannan ta ciro rigarta mai jan ado wadda take zuwa biki da ita, ta fita ta ƙofar baya, ta zagaya gidan ƙanƙara tana cika mata takalmi, ta ƙwanƙwasa ƙofar baƙi.

"Maraba, maraba! Gida naku ne!" Muryarsa ta tashi kamar ta da. Ya buɗe, ya gan ta, fuskarsa ta faɗi. Abin ya sosa mata rai, amma ta daure.

"Ko ba a karɓar baƙi mata, mai unguwa?"

Ya matsa. Tun da aka kawo ta gidan nan, ɗakin nan shara kawai ke shigo da ita. Ta zauna a kujerar manya. Wanda ya shigo ta wannan ƙofa kuwa dole a zuba masa, don haka ya ɗauki butar gahawa da hagu, ya miƙa mata finjali da dama.

Ta karɓa, ta ajiye a ƙasa.

Ya dubi finjalin, ya dube ta. Tururi yana tashi yana raguwa.

"Wasfiyya," ya kira ta da sunanta na yanka, "wannan ba wasa ba ne."

"Na yi maka kama da mai wasa? Ɗanmu Ziyad ya tafi, 'yan matanmu sun tafi. Kai kaɗai ka rage mini, ba zan binne ka saboda kujeru ba. Gado nake nema a ɗakin nan."

Tari ya sarƙe shi, ya dafa ƙarfen da ya fara ɗaukar zafi har ya lafa masa. Ya juya ya kalli ƙofa, ya daɗe yana kallon ƙofar.

"Sha gahawarki, Umm Ziyad," ya ce a hankali. "An ba ki."

Ta sha. Gahawar ta yi ɗaci, ta kusa hucewa. Ta miƙe da ƙyar, ta tafi jawo katifa.