Zaren da Ba Ya Tsinkewa

Yayana Gvozden mutum ne da ba a gaya masa magana a kan ruwa. A tudu ma da ƙyar ne, balle a cikin kwalekwale. Ni Desanka, autar gidanmu, na haura hamsin, har da jikata, amma da zarar mun bar gaɓa sai in koma yarinyar nan da aikinta tuƙi da rufe baki.

Duk shekara idan ganye ya fara zuba, mukan fita mu biyu mu je mu tsaya a saman gidanmu. Ƙauyenmu Tisovnik yana ƙarƙashin tafkin nan tun muna yara, lokacin da aka gina madatsar ruwa. Kowa ya san yadda yake gane nasa gidan. Mu namu, ka saita farin dutsen da ke gangare da tsohuwar sandar lantarki, ka yi ta tuƙi har rufin coci na sabon gari ya ɓuya bayan tudu, to kana kan tsakar gidan da aka haife mu.

Kafin ruwa ya iso, Baba ya sare babban reshe daga itacen lipa, wani itace mai daɗin sassaƙa da ke ƙofar gidan, ya taho da shi a kan amalanke. Da shi ya yi ta sassaƙa kifayen katako har ya rasu, ƙanana masu ƙugiya a ciki da wutsiya, waɗanda idan ka jefa kana ja a hankali suke rangaji kamar kifi mai ciwo, manyan kifaye su kawo cafka. Itatuwan tuffa da suka nutse a ƙasa sun cinye su ɗaya bayan ɗaya, saura guda mai jan ciki. Gvozden ne ya gaji wuƙar Baba da sana'ar, da hannunsa na dama yake ci, masu fatsa daga garuruwa masu nisa suna zuwa neman sassaƙarsa. Amma mai jan cikin nan ba ya bari ko jikokinsa su taɓa. Sau ɗaya yake jefa shi a shekara, a saman gidan, ya ja shi ya dawo, ya goge ya mayar aljihu. Gaisuwa yake kiran abin.

A wannan shekara ɗansa Vukota ya aiko masa da sabon zare daga Jamus, kitsattse, siriri kamar na ɗinki, ba ya miƙewa kuma ba ya tsinkewa. Tun a mota yake yabonsa. Wai yanzu hankalinsa ya kwanta, ko itacen tuffa ya riƙe kifin Baba, sai dai ƙugiya ta miƙe, amma zare ba zai rabu ba. Na ce masa to, Allah Ya sa, na ci gaba da kallon hanya.

Mun isa da hantsi. Ruwan a kwance yake, sai 'yar iska mai sanyi daga wajen madatsa. Na kashe inji na saki anga, ƙarfen nan da ke riƙe kwalekwale a wuri ɗaya, Gvozden kuma ya cire hula kamar yadda ya saba, sannan ya ɗaura mai jan ciki ya wurga shi can wajen da lambunmu yake. Ya fara naɗowa a hankali. Bai kai rabi ba sandar fatsar ta lanƙwashe ta tsaya cik.

Ya ja, ba motsi. Ya girgiza, ba motsi. Ya ce tuffar Mama ce, mai tsamin nan ta bayan ɗaki, tun tana tudu ba ta da kirki.

Idan abu ya maƙale haka, guntun sanda ake samu a naɗa zaren a kai, a ja da shi. Muna da guntun, yana nan ƙarƙashin kujerata, har na sunkuya zan ɗauko. Amma hannun Gvozden ya riga ni. Ya ajiye sandar fatsa, ya kama zaren ya naɗa shi a yatsunsa na dama, zagaye a kan zagaye, kamar yadda Baba yake yi, kamar yadda shi ma ya yi tun yana saurayi. Tsohon zare yakan miƙe ya tsinke tun kafin ya ji wa mutum ciwo, shi ya sa duk tsofaffin garinmu haka suke yi ba tare da tunani ba. Na ce masa wannan fa ba zaren da ba ne. Ya ce, "Auta, ke dai riƙe filafilinki."

Ya ja da ƙarfi. Sai tuffar Mama ta motsa.

Na ga zaren ya yanka ruwa ya nufi hagu, a hankali, da nauyi. Babu itacen da ke tafiya. Tarwaɗa ce, irin manyan nan da ke kwana a cikin ɗakunan da suka nutse, waɗanda sukan fi mutum tsawo. Ta cafke kifin Baba ta kwanta a ƙasa, jan da ya yi ne ya tashe ta.

Hannunsa ya fizgu ya bugi bakin kwalekwale. Bai yi ƙara ba, sai dai na ji iskar da ya ja ta haƙoransa. Zaren ya shige cikin naman yatsunsa uku, kuma zagayen sun hau kan juna sun ɗaure. Ya kai hannun hagu zai warware, ko farce ba ya shiga.

Abu na farko da ya zo mini shi ne anga. Muddin kwalekwale yana ɗaure a wuri ɗaya, duk ƙarfin kifin a kan yatsunsa zai ƙare. Ban tsaya jawo ta ba, na kwance igiyar na wurga ta ruwa gaba ɗaya. Kwalekwalen ya juya ya fara bin kifin, na kama filafili ina taimaka masa, ina ƙoƙarin mu riga tarwaɗar gudu don zaren ya yi sako-sako.

Sannan na tambaye shi wuƙa.

Wuƙa ɗaya ce a cikin kwalekwalen, ta Baba, tana cikin kube a ɗamararsa, ta gefen dama, gefen da ya karkata a kan ruwa. Ya ce kar in soma. Wai kifin zai gaji, wai ya taɓa kama wanda ya fi wannan, wai in dai na iya tuƙi yadda aka koya mini zaren zai saki ya warware. Yana magana, jini yana bin zaren yana ɗiga. Haushi ya cika ni har wuya, amma na tuƙa, don a lokacin ni ma ina ganin kamar zai yiwu.

Tarwaɗar ta ja mu ta kan layin gidajen maƙwabta, ta bi ta inda rijiyar ƙauye take, ta karkato. Duk sa'ad da na samu muka matso zaren ya ɗan kwanta, sai Gvozden ya sa haƙori da hannun hagu ya cire zagaye ɗaya. Ya cire na farko. Ya cire na biyu, fata ta biyo shi. Kafin ya kai ga sauran sai kifin ya sake zabura, zaren ya koma ya zauna a cikin ramin da ya riga ya yanka. A nan ne na ji ya kira sunan Mama a hankali, abin da rabona da ji tun ranar da muka binne ta.

Na duba ko'ina a tafkin. Akwai wani kwalekwale can nesa wajen madatsa, ƙarami kamar ƙwaro. Na ɗaga filafili na yi ta kaɗawa, ba wanda ya juyo.

Can sai zaren ya fara tasowa. Ruwa ya kumbura a gefenmu, wani baƙin kai mai faɗi ya bayyana, da dogayen gashin baki, da 'yan ƙananan idanu da ba su damu da mu ba. A gefen bakinta kuwa ga mai jan ciki yana lilo, ƙugiya ɗaya ce kawai ta riƙe shi a leɓe. Kusa ƙwarai, in na miƙa hannu sosai zan kai.

"Ga shi nan, Auta," in ji Gvozden, muryarsa ta dushe. "Kar ki kama kifin. Ki murɗe ƙugiyar kawai, ki ciro mini shi."

Na kwanta a bakin kwalekwale har ruwa yana shigowa ta gefen. Na miƙa hannu. Wallahi na taɓa shi, na ji santsin fentin da Baba ya shafa a kan yatsana. Taɓawar nan ce ta firgita ta. Ta kaɗa wutsiya ta watsa mini ruwa a fuska, ta yi ƙasa a miƙe, ba ta tsaya ba sai cikin lambun tuffa.

Zaren ya tsaya cik, wannan karon da gaske. Ta zagaya da shi a cikin rassa ta kwanta. Iskar da ke busowa daga madatsa kuma ta ƙaru, tana tura kwalekwalen baya, ga shi ba anga. Nauyinmu duka, ni da shi da katako da inji, ya koma rataye a kan yatsu uku. Na tuƙa da iya ƙarfina don in tsayar da mu a saman wurin, amma da na samu taku ɗaya iska ta ƙwace biyu.

Na kalli yatsunsa. Ɗazu fari suka yi, yanzu sun koma baƙi-baƙi sun kumbura, manuniyar kuma ta karkace yadda yatsa ba ya karkacewa. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ke sa mutum ya daina jin komai sai abin da zai yi.

Na ajiye filafili na rarrafa wajensa. Ya san abin da ya kawo ni, ya matse gwiwar hannunsa a kan kuben. Ya ce mu ɗan ƙara jira, tarwaɗa ba ta daɗewa a cikin rassa, za ta fito da kanta. Na cusa hannu ta ƙarƙashin hammatarsa na zaro wuƙar. Ya damƙe wuyan hannuna da hagunsa, kuma ko a wannan hali ya fi ni ƙarfi.

"Shi kenan abin da ya rage na gidan," ya ce. "In kika yanke, Desanka, ba ni ba ke."

Bai taɓa kirana da cikakken sunana ba sai ran nan. Na ce, "Na yarda, Yaya. Ka zage ni har ka mutu, ka nuna ni a kasuwa ka ce ga wadda ta yar da kifin Baba. Amma da yatsanka za ka nuna ni."

Ban san ko sakina ya yi ba ko ƙarfinsa ne ya ƙare. Na ɗora wuƙar a kan zaren. Ko dannawa ban yi ba, taɓawa kawai, ya rabu da wata 'yar ƙara. Gvozden ya faɗi da baya cikin kwalekwale, guntun zaren ya sulale cikin ruwa ya ɓace.

Na tsinke sauran zagayen ɗaya-ɗaya da bakin wuƙar, ina kauce wa kallon abin da ke ƙarƙashi. Na cire ɗankwalina na naɗe hannun, na ce ya ɗaga shi sama da kai, na tada inji. Har muka kai gaɓa bai kalle ni ba, wurin da muka baro yake kallo. A mota ma haka. A asibiti da likita ta tambaye shi wace ce ni, ya ce direba.

An ceto yatsu biyu. Manuniyar kuwa aka cire ta daga tushe.

Ban je gidansa ba sai da aka sallame shi da 'yan kwanaki, kuma ko a lokacin don in mayar da wuƙar na je, tana jakata tun ranar. Matarsa Stamena ta buɗe mini, ta yi mini nuni da ɗakin sassaƙa da haɓa, ta ce tun safe yake ciki bai ci komai ba. Na same shi zaune gaban teburinsa, da guntun katako a gabansa wanda ya fara fitar wa da kai kafin mu tafi tafki.

Na ajiye wuƙar a kan tebur, na shirya jin duk abin da zai faɗa, na kuma shirya rama masa. Ya kai hannun dama ya ɗauka. Yatsun da suka rage suka rufe a kan ƙotar, amma wurin da manuniya take kwanciya a bayan wuƙa ta bi da ita babu kowa. Ya gwada a kan katakon, bakin ya zame, wuƙar ta faɗi ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Dukanmu muka tsaya muna kallonta. Duk maganar da na tanada ta tsere mini, tausayinsa ya kama ni.

Ni na sunkuya na ɗauko na miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya ɗaga hannun nan mai bandeji ya nuna ni da shi, da wurin da yatsan ya kamata ya kasance, ya daɗe a haka. Sannan ya karkatar da shi ya nuna kujerar da ke gefensa, wadda Baba yake zaunar da shi a kai yana yaro, wadda ba a taɓa barina na zauna a kai ba.

"Zauna, Auta," ya ce. "Ba haka ake riƙe ta ba."