Tagar da Ke Kallon Layin Dogo

Tun kafin ƙarfen dogo ya fara rawa, Auta ya kama shingen gada yana lilo da jikinsa.

"Umma, ga shi nan! Mai kaya ne, kansa ja!"

Umma ta riƙe gefen rigarsa, ta lumshe ido. Saurayi ne har da gemu, amma sai jirgin ƙasa ya taho yake kiran sunanta. Likita ya ce galahanga ce, wata lalurar ƙwaƙwalwa da ake haifar mutum da ita, ba hauka ba, a bar shi da abin da ke buɗe masa baki. Unguwa kuwa, da yake ta fi likita karatu, ta ce aljanin dogo ne ya shafe shi. Yara na binsa suna "Ranka ya daɗe, Sarkin Tasha!"

* * *

"Daga yau ba gada," in ji mahaifinsa. "Masu neman auren yayarsa na tafe. So kike su ce muna da taɓi a jini?"

"Malam, wa ya taɓa cutarwa? Kallo kawai yake yi."

"Mai hankali ne zai wuni yana haddace lambar jirgi?"

Ya faɗi haka ne idonsa na kan talabijin, inda yake bin ƙwallo, ya san lambar rigar kowane ɗan wasa har da garin da aka haife shi. Umma ta buɗe baki, ta tuna 'yarta, ta haɗiye maganar kamar garwashi.

Aka sa wa ɗakin Auta kwaɗo. Sai dai tagarsa na hangen layin, kuma ihun murnarsa na kaiwa har falo. Malam, mutum mai son aiki ya cika, ya kira magini ya toshe tagar.

* * *

Baƙi suka zo, suka ci, suka sha.

"Kai, gidan nan akwai natsuwa," in ji babbansu. Malam ya yi murmushi.

Can jiniyar jirgi ta yi kuka daga nesa. Umma ta ajiye tire, ta lallaɓa ta leƙa ta ramin makulli. Auta na kwance a ƙasa, ya manna kuncinsa da siminti, inda rugugin jirgin ke ratsowa. Leɓɓansa na motsi.

Ta kasa kunne har jirgin ya wuce. Bai kira ta ba.