Ƙafa Ɗaya Kore, Ɗaya Ja

Ni ba na kallon wasan kwaikwayon nan na talabijin da yaran makarantarmu suka haukace a kansa. Labarinsa dai na san shi kaf, domin duk safiyar Laraba a gaban shagona ake maimaita shi, ana share hawaye ana sayen burodi. Wasu abokai ne biyu 'yan sakandare, kyawawa kamar ba su taɓa yin mura ba, kullum ɗaya yana bin jirgin ƙasa da gudu cikin ruwan sama yana kiran sunan ɗayan. Shirme ne. Jirgi ba ya jiran kowa, kuma ba da ihu ake abota ba. Ban wuce ƙaramar sakandare ba, abin da na sani a bayan kantar shago na koye shi. Amma na ga abota da idona, kuma a ƙafa na gan ta.

Shagona yana cikin makarantar, daura da akwatunan takalma, inda kowa yake tuɓe na waje ya sa na ciki. Ni nake sayar da na cikin: farare ne, bakinsu kawai ke da launi. Launin da aka ba ku ranar da kuka shigo, da shi za ku fita. A shekarar nan 'yan aji uku kore suke sawa, 'yan aji biyu ja, 'yan aji ɗaya shuɗi. Yaro kan dubi ƙafarka kafin ya dubi fuskarka, don ya san iyakar rusunawar da zai yi maka.

Kuramochi Itsuki ya dawo a watan Afrilu bayan ciwon ƙoda ya cinye masa shekara guda a asibiti. Aka mai da shi aji biyu. Ya buɗe akwatinsa, ya tarar da takalmansa yadda ya bar su, ya sa. Kore guda a tsakiyar jajaye.

'Yan ajinsa ba su cuce shi ba, kada wani ya ce na ce haka. Ladabi suka yi masa, ladabin da ya fi duka ciwo. "Yaya Kuramochi, ina kwana." "Yaya Kuramochi, wuce gaba." Lokacin shara, da ya ɗauki tsumma sai a karɓe da hannu biyu. In ya shigo ana raha, raha ta mutu, kowa ya gyara zama. Tsoffin abokansa kuwa, 'yan aji uku yanzu, suna hawa na sama, jarrabawar shiga jami'a ta sha musu kai. Su haɗu a matakala, su dafa kafaɗarsa, su ce, "Sai mun zauna," su wuce. Ba su zauna ba. Ban zarge su ba, kowa da nasa kayan.

Sai ya koma cin abincin rana a bencin da ke gefen shagona, shi kaɗai, shinkafa da dafaffen kifi marar gishiri kamar yadda likita ya ce.

Ni ba na kwana-kwana. Na ce, "Kai ɗan nan, ga jajaye can cike da kwali. Sa ka huta."

Ya dubi ƙafarsa. "Goggo, ko na sa ja, ai sun riga sun ga koren." Sannan ya ƙara, "Kuma waɗannan su kaɗai suka jira ni."

"Takalmi ba ya jira. Ajiye shi aka yi."

Ya yi murmushi, bai musa ba. Daga nan ya faɗa mini abin da ya shirya. Ya gaya wa mahaifiyarsa in aka tashi hutun bazara ba zai dawo ba, zai ƙarasa karatunsa daga gida. Na ce masa ɗaki ba makaranta ba ne, kuma wanda ya fito daga gado ɗaya bai kamata ya nemi wani ba. Ya ce ya gode. Haka yake, komai ka ce sai ya gode.

Maganar ta kai kunnen 'yan ajin, sai suka yi abin da talabijin ta koya musu. A wasan nan, wai an taɓa tara wa wani tsuntsayen takarda dubu. Su ma suka zauna suka naɗe dubu, suka shirya su a zare. Wata rana da tsakar rana suka jeru a gaban bencin, shugabar aji ta miƙa masa, suka rusuna gaba ɗaya suka ce, "Yaya Kuramochi, muna tare da kai!" 'Yan mata biyu har da kuka.

Kowa a ƙasar nan ya san wa ake kai wa tsuntsayen takarda: majiyyaci. Yaron da ya sha wuya ya warke, aka sake kwantar da shi a gaban mutane. Ya miƙe, ya karɓa, ya rusuna fiye da yadda suka rusuna. Da suka watse ya zauna da abin a cinyarsa, bai ƙara taɓa abincinsa ba. Ka yi alheri ba tare da ka dubi wanda za ka yi wa ba, kanka ka yi wa.

Mutum ɗaya ne a ajin bai shiga jerin ba, ba kuma don hankali ba, makara ya yi. Nagumo Genta ke nan, ɗan mai kamun kifi, ƙato, mai tsamin baki. Ya take bayan takalmansa har sun zama silifa, sun yi baƙi kamar gindin tukunya. Ya rantse ba ya kallon wasan Talata, ƙanwarsa ce ke kunnawa, amma duk Laraba idonsa a kumbure.

Makarar ce ta sake kama shi ranar da ake raba abokan tseren ɗaure ƙafa na bikin wasanni. Kowa ya ji tsoron ya ɗaura ƙafarsa da ta Yaya ya kayar da shi. Genta ya shigo, ya tarar mutum ɗaya ya rage.

Damina ta kankama a lokacin, fili ya jiƙe, sai aka koma gwaji a barandar da ta bi ta gaban shagona. Itsuki a hagu, Genta a dama, aka ɗaure musu ƙafafun tsakiya da ƙyalle. Genta ya ce, "Ɗaya, biyu!" ya zabura kamar bijimin sa. Ba su yi nisa ba suka zube, suka tafi da bokitin shara.

Shugabar aji ta toshe baki.

Genta ya ɗago daga cikin ruwan datti ya ce, "Kai! Ƙafar katako suka dasa maka a asibitin?"

Na ga yara sun daskare. Na ga kunnen Itsuki ya yi ja.

"Ni?" in ji shi. "Ka ce ɗaya, ka ɗaga ta waje. Ɗaya ta tsakiya ce, jaki."

"Wa ya ce?"

"Kowa! Har 'yan firamare sun sani."

"To, malam mai shekara biyu a aji ɗaya, tunda ka fi kowa sanin aji biyu, koya mini."

Wata yarinya ta ce, "Nagumo, ka ji tsoron Allah!" Amma Itsuki dariya yake yi, irin wadda take fita ta hanci ba shiri. Tun Afrilu ban ji sautinta ba.

Suka sake gwadawa, suka sake faɗuwa. Genta ba ya riƙe lissafi in yana gudu, kansa ba ya ɗaukar abu biyu. Ya zauna a ƙasa yana hararar ƙafafunsu, can ya ce, "Cire na hagunka."

"Me?"

"Cire mana, kurma ne kai?"

Ya fizge koren hagu na Itsuki ya cusa ƙafarsa, ya tura masa nasa jan. Da suka miƙe, ƙafafun tsakiya duk kore, na waje duk ja.

"Yanzu ba ɗaya ba biyu. Kore, ja. Ko akuya ta gane."

Itsuki ya yamutsa fuska. "Wannan takalmin naka, gawar kifi ka ajiye a ciki?"

"Turare ne. Ka gode wa Allah."

Suka tafi. Kore, ja, kore, ja, har ƙarshen baranda ba su faɗi ba, suka juyo. Na ce su zo su goge ruwan da suka zubar. Shugabar aji ta yi wuf za ta karɓi tsumman Itsuki, Genta ya ce, "Bar shi, tare muka zubar." Itsuki ya durƙusa ya goge, ya kuma goge da kyau.

Ba su mai da wa juna takalman ba. Genta ya ce sai bayan tsere, kada sa'a ta zube. Kowa yana rubuta sunansa a bisa takalminsa, saboda haka kowannensu ya yi ta yawo da sunan ɗan'uwansa a ƙafar hagu. 'Yan aji ɗaya suka rasa yadda za su gaishe su. Malam Okudaira mai kula da ɗa'a ya tare su a gabana ya ce doka ta ce kowa ya sa launin ajinsa.

Genta ya rusuna ya ce, "Malam, wanne ne nasa?"

Malam Okudaira ya dubi ƙafafun Itsuki. Mutumin kirki ne, taurin aiki ne kawai. Ya ce, "Zuwa ƙarshen zango. Kuma Nagumo, ka wanke wannan abin."

Bencina ya zama na mutum biyu. Genta ya ɗanɗani kifin Itsuki ya ce ko kyanwa sai ta yi ƙara. Washegari ya zo da nasa kifin, uwarsa ta dafa ba gishiri, ya ce kuskure ta yi. Ya ci gaba da zuwa da kuskuren nan kullum. Wata Laraba na ji suna musu a kan wasan Talata, Itsuki yana cewa a asibiti ya fara kallonsa, Genta yana cewa shi bai san zancen ba, amma dai bai kamata yaron ya hau jirgin nan ba.

Ranar tsere a fili, da takalman gudu farare suka fito, suna ta ihun kore da ja, mutane suna mamaki. Ba su ci ba. Sun faɗi dab da layi, suka ƙarasa da rarrafe suna zagin juna. 'Yan ajin suka yi ta tafi, har na ji wani ya yi kuskure ya kira, "Itsuki!" ba Yaya.

Duk da haka ban ji Itsuki ya janye maganar barin makaranta ba, ban kuma tambaya ba. Ranar tashi hutu kowa yakan tafi gida da takalman ciki a wanke. Wanda ba zai dawo ba yakan cire har sunansa daga jikin akwati. Ina goge kanta, ina kallonsa ta wutsiyar ido. Ya sa takalman a jaka. Ya tsaya, hannunsa a kan sunan. Sannan ya ciro jan hagun ya miƙa wa Genta.

"Ga naka. Na gode."

Genta ya sa hannuwa a aljihu. "Da wannan dattin za ka ba ni? Wata guda kana sawa. Wanke ka kawo."

"Da dattinsa na karɓa!"

"Ban sani ba. Ka kawo ran komawa, nan wurin, da safe. In ba ka zo ba da ƙafa ɗaya zan shiga aji, Okudaira ya kashe ni, alhakina a wuyanka."

"Goggo tana sayarwa."

Na ce, "Ba na sayar da ƙafa ɗaya."

Genta ya rataya jakarsa da koren hagun a ciki, ya fita, bai waiwaya ba. Ba ruwan sama, ba jirgi, ba wanda ya kira sunan wani. Na dai ga bayan wuyansa ya yi ja, kuma a bakin ƙofa ya goge hanci da hannun riga.

Itsuki ya dubi jan da ke hannunsa. Ya mai da takalmin jaka. Sunan ya bar shi inda yake.

Ranar komawa a watan Satumba na riga kowa zuwa, kamar kullum, ina jera madara. Genta ya shigo tun ba a buga ƙararrawa ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a kan katakon tuɓe takalmi, ja a ƙafar dama, safa a hagu, yana karanta sanarwar bango kamar mai son karatu. Yara suna wucewa suna dariya. Bai kula ba.

Can sai ga takalminsa na hagu ya faɗo gabansa, fari fes, har an miƙar da bayan da ya take.

"Sai da na jiƙa shi kwana da kwanaki," in ji Itsuki. "Uwata ta ce a ƙone."

Genta ya juya takalmin, ya shinshina. "Ka ɓata shi. Ba zan sa ba." Ya tura masa da ƙafa, ya ciro koren daga jaka ya sa.

Itsuki ya sa jan a hagu, koren a dama. Ya leƙo shagona ya ce, "Goggo, ina kwana. A ajiye mana benci."

Na ce benci ba na gadon kowa ba ne, su wuce aji kafin su makara.