Rumfar Bas a Ƙofar Tela

Da gwamnati ta damƙa wa ɗana asusun sababbin motocin bas na gari, na shaida wa abokan zamana cewa a ƙofata bas zai riƙa tsayawa. Tela, wanda shagonsa ke gangaren layinmu, ya yi dariya har allura ta faɗi daga bakinsa.

Na aika aka kira mini ɗan nawa.

"Baba, rumfar jiran bas ɗaya aka ware wa layin nan," in ji shi. "Inda mutane suka fi hawa da sauka, nan za a kafa ta. Ma'aikata za su biyo motar gwaji su gani da idonsu."

"Ni na haife ka ko su?"

"Kai ne, Baba. Amma in an zo bincike, ni za a kama."

Ya cinye abincin uwarsa tas, ya tafi.

Ranar gwaji na tara mutanena a ƙofa: Mai Aski, Dogo, tsohon masinja da ƙanensa, har da surukina mai tari. Na ɓoye bencin da muke zama a kai. Na ce kowa ya tsaya yana leƙen hanya kamar mai sauri.

Bas ya iso, wata ma'aikaciya a kujerar gaba tana zare ido. Muka hau da ƙyar, ana turo Dogo ta baya.

Ba mu yi nisa ba Mai Aski ya ɗaga murya. "Direba, tsaya! Na bar mutum da rabin kai!"

"Zauna, kai!" na ce.

"Ni ma fitsari nake ji," in ji surukina.

Direba ya taka birki daidai ƙofar Tela. Duk suka zube, suka bar ni ni kaɗai. Da matan gangare suka ga tsofaffi sun sauka lafiya, kuma ba a karɓi ko sisi ba, suka cika motar da kwanduna da 'ya'ya. Ma'aikaciyar sai gyaɗa kai take yi.

A ƙofar Tela aka kafa rumfar. Har kujera Tela ya sa a ciki.

Yanzu in zan je asibiti nakan wuce ta, in taka har rumfa ta gaba.

"Uban manaja, zo ka huta mana!" Tela kan ce.

Ba na waiwayawa. Shi kuwa ɗan nawa an ƙara masa girma, wai ba ya jin roƙon kowa. Wurina ya gado.