Fom ɗin Rifkatu

"Malam, sunayen sun fito?"

Maliki ya tsuguna a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Maƙwabciyarsa Rifkatu na kwance bisa tabarma, ciwon shawara ya mai da idanunta ruwan ɗorawa. Mijinta Yakubu kafinta na zaune yana yi mata fifita.

"Sun kusa, Maman Laraba."

Amsar da yake ba ta ke nan tun farkon damina. A shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare, aka shiga neman malamai ruwa a jallo. Rifkatu, uwar 'ya'ya biyar mai suyar ƙosai a bakin titin Abakpa, ta tono takardar gama ajinta bakwai daga ƙasan akwati, ta je aka ɗauke ta hoto, ta cike fom ɗin kwalejin horon malamai. Ta danƙa wa Maliki, da yake akawu ne a ofishin da ake karɓa, kuma shekara tara bango ɗaya ya raba ɗakunansu.

Ya kai fom ɗin har ofis, wannan kam ya yi. Sai wani abokin aikinsa ya leƙo, ya ga tabon man gyaɗa a gefen takardar, ya tuntsire da dariya.

"Maliki, masu ƙosai kake kawo mana yanzu?"

Maliki, da bai wuce wata biyu da samun ƙarin girma ba, kansa na rawa, ya taya shi dariyar, ya tura fom cikin aljihun tebur da niyyar gobe. Gobe ta zama jibi, har aka rufe karɓa.

Ita kuwa ta riƙe maganar hannu bibbiyu. Tana suya tana bitar littattafan 'yarta Laraba. Har rigar makaranta ta ɗinka, fara mai shuɗin wuya, ga ta can rataye a jikin ƙusa.

"Malam," ta ce a hankali, "ko ba su ɗauke ni ba ne kake ɓoye mini? Faɗi gaskiya, ba zan ji haushi ba."

Gaskiyar ta taso masa har maƙogwaro. Ya dubi Yakubu, ya dubi rigar, sai ya haɗiye ta.

"An ɗauke ki. Na ga sunanki da idona. Liƙawa ce kawai ba a yi ba."

Ta lumshe ido tana murmushi. "Baban Laraba, ka ji ko? Kai da ka ce na tsufa."

Ta rasu ranar Alhamis da hantsi.

Yakubu ya haɗa akwatin gawar da hannunsa. Da yake a wurinsu mamaci da mafi kyawun kayansa yake tafiya, sai matan zumuntar coci suka sa mata rigar makarantar. Maliki na tsaye a waje da sauran maƙwabta Musulmi, yana jin fasto ta taga yana kiranta Malama Rifkatu. Kowace "Malama" sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige don kunya.

Da aka dawo daga maƙabarta, Yakubu ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Malam, ka yi mana halacci. Ta tafi da farin ciki. Roƙo ɗaya gare ni: in takardar kiran ta fito, ka kawo mini. Zan yi mata firam, yaran su riƙa gani."

"To," in ji Maliki. Bai iya ɗaga ido ba.

Ranar Litinin ya riga kowa zuwa ofis, ya ja aljihun tebur. Fom ɗin na nan ƙarƙashin tsofaffin jaridu. Allurar da ta maƙale hoton ta yi tsatsa. Rifkatu na kallonsa daga hoton, cikin ɗankwalin da ta ara wurin matarsa Maimuna, ta tsare gira kamar mai tsawata wa aji. Ya sa babban yatsa ya goge tabon man, ya sake gogewa. Tabon bai fita ba.