Kwamfutar Gado

Ƙas, ƙas, ƙas. Haulatu ta kara kunnenta a jikin kwamfutar, ta sake jin ƙarar, kamar ɓera na cin gyaɗa a bayan buhu. Bidiyon ya tsaya cak. Jamaluddeen, mijinta, ya daskare a kan allon da hannu a sama, maganar da ya faro ta yanke a tsakiya.

Wata na biyu ke nan da tirela ta take shi a hanyar Zango, yana dawowa daga makarantar da yake koyarwa. Babur ɗin ya zama tarkace, wayarsa ma ba a tsinci ko murfinta ba. Abin da ya rage na muryarsa a duniya kaf yana cikin tsohuwar laftof ɗin nan: karatunsa na Alƙur'ani, dariyarsa, da wani shirme da ya ɗauka ranar da asibiti suka tabbatar tana da ciki, ya durƙusa yana yi wa cikin jawabi kamar shugaban ƙaramar hukuma. Wannan ɗin take so abin da ke cikinta ya ji in ya girma. Ba ta da wani buri bayan shi.

To, ga kwamfutar ta fara iskanci. Sai a kunna ta a je a ɗora tukunya a dawo ba ta gama buɗewa ba. Hotunan bikinsu biyu sun koma rabi toka-toka. Jiya wata jakar hotuna guda da ke cikinta ta ɓace ɓat, yau da safe ta dawo kamar ba ita ba.

Tana takaba, ba fita, don haka ta kira Uchechi a waya. Uchechi matar Nwafor ce mai shagon gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, tare suke aikin, kuma a Daura aka haife ta, Hausa a bakinta ba a magana. Tun suna 'yan mata suke ƙawance. Kafin azahar ta iso, ta zauna a bakin katifa, ta saurari ƙarar, fuskarta ta sauya.

"Kashe ta. Haulatu, kashe ta yanzu!"

"Lafiya?"

"Faifan da ke cikinta, inda komai yake ajiye, shi ne yake mutuwa. Wannan ƙarar kukan ajali ce. Sau nawa kike kunnawa a rana?"

Haulatu ta sunkuyar da kai. Wa ya ƙirga? Duk sanda ɗakin ya yi mata faɗi sai ta kunna.

"Kowace kunnawa ragin kwana kike yi masa. Ba ni ita. In Allah ya taimaka ya buɗe mana sau ɗaya, mu kwashe komai mu zuba miki a filash, kafin magariba na dawo da ita. Amma kar wanda ya ƙara taɓa ta."

Haulatu ta naɗe kwamfutar a zani kamar jinjiri ta miƙa mata. Zuciyarta ta ɗan yi sanyi, karo na farko tun ranar rasuwar.

Sanyin bai kai zaure ba. Uchechi na fita ta yi kiciɓis da Sharu, yayan marigayi, wanda ya naɗa kansa mai gadin dukiyar ƙaninsa tun ba a share makoki ba. Mutumin da Jamaluddeen na da rai sai sallah yake leƙo gidan, yanzu kullum yana nan, yana duba ƙofa da taga kamar mai shirin saye.

"Ke, me ke cikin zanin nan?"

Daga tsakar gida Haulatu ta ji muryar. Ta zura hijabi ta fito, ta tsaya a bayan ƙyauren zaure.

"Yaya, ni na ba ta. Kwamfutar ce ta samu matsala, za a kwashe abin da ke ciki kafin ta mutu."

"A kwashe?" Sharu ya karɓe ƙunshin. "A kwashe a kai ina? Haulatu, ke ba yarinya ba ce. Kayan mamaci amana ne. Malamai sun ce ba rabon gado sai kin sauka an ga abin da Allah ya kawo, mace ko namiji. Kafin nan ko tsinke ba ya fita daga gidan nan."

"Ba sayarwa za a yi ba, Yaya. Muryarsa ce kawai a ciki, da hotuna."

"Haka kika ce. Wa ya san abin da ke ciki? Takardun filinsa na hanyar Mashi ban gan su ba har yau."

Innalillahi! Wato ɓarauniya ya ɗauke ta. Maganar ta soke ta har ta dafa bango.

Uchechi ta ce, "Alhaji, ka biyo ni shagon da kanka. Ka zauna a gabanka a yi, ba abin da za a goge."

"Madam, wannan maganar dangi ce. Ki kama hanyarki."

Da a nan ya tsaya ma da sauƙi. Ina! Sai ya zauna a kan dakalin zauren, ya buɗe kwamfutar a cinyarsa ya danna, wai sai ya gani da idonsa abin da ake ɓoyewa. Allon ya yi baƙi, wani rubutun Turanci ya fito, ƙarar ta dawo da ƙarfi.

"Don Allah kar ka sake kunnawa!" in ji Uchechi.

Ya danne maɓallin har ta mutu, ya sake kunnawa. Ta ƙi. Ya ɗaga ta ya girgiza a kunnensa, ya ɗaka mata duka a gefe, irin wanda yake yi wa rediyonsa in ta shaƙe.

"Yaya, don girman Allah! Don darajar iyayenka!" Haulatu ta durƙusa da tsohon cikinta a ƙasan zauren, tana kuka ba kunya. "Ka bar ta a kashe. Ka tafi da ita, na yarda, amma ka bar ta a kashe."

"Kukan nan naki ne ma ya sa na ƙara zargi," ya ce. Ya saɓa ta a hammata, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Daga baya labari ya riƙa zuwa mata a bakin matarsa, wadda ba ta san wuƙa take caka mata ba. Wai kullum bayan la'asar Sharu sai ya jona ta a wuta ya gwada, ko za ta buɗe ya ga takardun fili. Wai har ya shanya ta a rana, ko sanyi ne ya kama ta. Wai yanzu ta daina ƙarar ma gaba ɗaya, alhamdu lillahi, da alama ta warke. Haulatu ta gaya wa Uchechi a waya. Uchechi ta gane faifan ya gama mutuwa, ta ce, "Ki yi haƙuri, ƙawata."

Takardun filin kuwa, ashe suna wajen Kawu Nagoggo, ƙanin mahaifiyar su Sharu, Jamaluddeen ya ba shi ajiya tun bara. Ba wanda ya zo ya ce mata yi haƙuri, mun zarge ki a banza.

Ta haifi namiji. Bayan suna aka taru rabon gado a tsakar gidan, maza a kan tabarmi, ita a ƙofar ɗaki da jaririn a cinya. Aka kira mai sayen tsofaffin kaya ya yi wa komai kuɗi, firji, gado, talabijin. Da aka zo kan kwamfutar ya danna, ya jira, ya juya ta, ya taɓe baki.

"Wannan gawa ce. Faifan ya ƙone, ko a Kano ba mai ciro komai a ciki. Sai dai a sayar da ƙarfen."

Sharu ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta masu abin kirki.

"To, jama'a, ni ina da shawara. Na ga yarinyar nan ranta na kan abin nan ƙwarai. Kar ma a sa ta a lissafi. A bar mata kyauta, ta riƙa tunawa da shi."

"Madalla!" in ji Kawu Nagoggo. "Kai, Allah ya yi maka albarka, Sharu. Haka ake son babban wa." Tabarma ta ɗauka da amin.

Aka miƙo mata kwamfutar hannu zuwa hannu, har ta iso gabanta. Ba ta taɓa ta ba. Ta ji da za ta buɗe baki, abin da zai fito sai ya raba ta da dangin ɗanta har abada. Ta dubi yaron, yana barci, bai san an yi ba.

"Haulatu," Kawu ya ce, "ba ki ji abin da yayanku ya yi miki ba? Ai sai ki yi godiya."

Ta ja hijabinta ta rufe fuskar jaririn.

"Na gode, Yaya," ta ce.